Yadda Ake Fassara Kalmomi da Karin Maganar Sinanci Zuwa Turanci

Ɗan kasuwar da ke sayo kaya daga Guangzhou ko Yiwu, da ɗalibin da ya samu gurbin karatu a ƙasar Sin, da tafintan da ke tsaye tsakanin injiniyoyin Sinawa da ma'aikata a wurin aikin hanya, kowannensu akwai ranar da za a miƙo masa rubutu da Sinanci a ce ya mayar da shi Turanci. Turancin ake nema saboda da shi ake cike takardun kwastan, da shi ake rubuta yarjejeniya, kuma yawancin ƙamusoshin da ke hannu daga Sinanci zuwa Turanci suke. Matakan da za su biyo baya na wanda ya ɗan yi nisa da Sinanci ne, yana karanta pinyin (Sinanci da baƙaƙen boko), yana kuma da Turancin da zai iya rubuta wasiƙa da shi. Ƙa'ida guda ce ta ɗaure su duka: kada ka rubuta ko kalma ɗaya ta Turanci sai ka tabbatar ka gane abin da Basine yake nufi a cikin harshensa.

Da farko, nemi rubutun asali

Idan aka turo maka magana da pinyin kaɗai, wato Sinancin da aka rubuta da baƙaƙen boko, ka ce a turo maka da haruffan Sinanci. Pinyin, wanda gwamnatin Sin ta amince da shi a 1958, sauti kawai yake nunawa, kuma masu rubutu a waya ba su cika sa alamun karin sauti ba. Gaɓar ma ɗaya tana iya zama uwa, ko wata shuka mai kama da rama, ko doki, ko zagi, gwargwadon yadda murya ta hau ko ta sauka. Bahaushe ba baƙo ba ne a nan, tunda shi ma a rubuce ba ya bambanta kuka na yaro da kuka ta miya sai ya duba abin da ke kewaye da kalmar. To amma Sinanci ya wuce nan, domin akwai kalmomin da sautinsu da karinsu duk ɗaya ne, harafi ne kaɗai ke raba su. Za mu ga wani misali na haka a maganar kuɗi, wanda ya isa ya jawo wa ɗan kasuwa asara.

Da ka samu haruffan, duba wane iri ne. A babban yankin Sin da Singafo ana amfani da sauƙaƙaƙƙun haruffa, waɗanda aka fara fitarwa a hukumance a 1956. Taiwan da Hong Kong da Macau suna nan kan na gargajiya. Sanin wannan yana gaya maka daga ina rubutun ya fito, kuma yana faɗakar da kai wani tarko: wajen sauƙaƙawa an haɗe tsofaffin haruffa biyu ko uku sun koma ɗaya. Harafin 发 yau yana nufin aikawa idan an karanta shi fā, yana nufin gashi idan an karanta fà. 面 fuska ce, kuma taliya ce. 干 bushewa ce idan gān ne, aikatawa ce idan gàn ne, kuma shi ne ya jawo fassarorin ban kunya da aka riƙa gani a allunan kantuna, inda busasshen abinci ya koma wata kalmar batsa ta Turanci.

Harafin da ba ka sani ba kuma ba ka iya kwafo shi, zana shi da yatsa a manhajar ƙamus ta Pleco ko ka ɗauki hotonsa. Tsohuwar hanyar nema ta tushen harafi, waɗanda ƙamusun Kangxi na 1716 ya tsara su 214, tana nan ga mai ƙamus na takarda, amma tana cin lokaci.

Sai ka yanka jimla kalma-kalma

Sinanci ba ya barin fili tsakanin kalmomi, kuma harafi ɗaya ba lallai ne ya zama kalma ɗaya ba. Yawancin kalmomin zamani haruffa biyu ne a haɗe. Wanda ya bi harafi-harafi yana fassarawa zai ga 东西 ya ce gabas da yamma, alhali dōngxi kaya ne ko abu. 大家 ba babban gida ba ne, kowa da kowa ne. 马上 a zahiri bisa doki ne, amma nan take ake nufi. 小心 ƙaramar zuciya ce a ido, a ma'ana kuwa yi hattara.

Ɗauki fensir ka ja layi tsakanin kalmomin kafin ka buɗe ƙamus. Malaman Sinanci suna da misalin da suke yawan bayarwa: 南京市长江大桥. Idan ka yanka shi 南京市 / 长江 / 大桥, ka samu babbar gadar kogin Yangtze ta birnin Nanjing. Idan hannunka ya goce ka yanka 南京 / 市长 / 江大桥, ka ƙirƙiro magajin garin Nanjing mai suna Jiang Daqiao. Haka allon da ake ajiyewa a kan jiƙaƙƙen daɓe, 小心地滑. Daidai yankansa shi ne yi hattara, ƙasa na da santsi, wato "Caution: wet floor". Na'urar fassara ta ɗauki 地, wato ƙasa, a matsayin ɗan harafin da ke nuna yanayin aiki, sai ga alluna suna cewa "Slip carefully", suna roƙon mutane su zame a hankali.

Har manya sun faɗa wannan rami. John F. Kennedy, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, a wani jawabi da ya yi a 1959, ya ce kalmar rikici a Sinanci, 危机 wēijī, haruffa biyu ce, ɗaya haɗari ɗaya dama. Masu laccar ƙarfafa gwiwa har yau suna maimaitawa. Masana Sinanci sun daɗe suna nuna cewa jī a nan gaɓa ce da al'amari ke juyawa a kanta, kuma Basine idan ya ce wēijī, "crisis" kawai yake nufi, babu wata dama da yake hangowa.

Ƙamus biyu, ba ɗaya ba

Fara da na Sinanci zuwa Turanci don ka ga iyakar ma'anonin kalma. CC-CEDICT kyauta ne, yana cikin Pleco da shafin MDBG. Amma irin wannan ƙamus jero maka kalmomin Turanci yake yi, ba ya gaya maka wacce za ka ɗauka. Don haka sai ka koma ƙamus na Sinanci zalla, kamar Xiandai Hanyu Cidian da aka fara bugawa a 1978, ka karanta bayanin da Sinawa suka yi wa kansu da misalan da suka kawo. Daga nan ka liƙa kalmar a Baidu, shafin bincike na Sinawa, ka karanta jimloli biyar ko shida na mutanen yau. Wannan na ƙarshe shi ne mutane ke tsallakewa, kuma a nan ne ake gane ko kalmar ta yabo ce ko ta suka.

Kalmar 宣传 xuānchuán misali ce. Ƙamus zai ba ka "propaganda" a sahun gaba. A Turanci wannan kalma tana ɗauke da zargin yaudara, alhali a Sinanci kamfani yana xuānchuán ɗin sabon sabulunsa, asibiti yana xuānchuán ɗin allurar rigakafi. Na kamfani "promotion" ne, na asibiti "awareness campaign". 厉害 lìhai kuwa, idan an faɗa wa ɗalibin da ya ci jarrabawa, "brilliant" ne, idan ciwon kai ake siffantawa "severe" ne, idan uwar miji ce "fierce". Launuka ma ba sa tafiya kai tsaye: jan shayi na Sinawa, 红茶, shi ne "black tea", jan sukari "brown sugar", fim mai launin rawaya kuma na batsa ne.

Fassarar na'ura, ko Google ce ko DeepL ko Baidu, ka bar ta sai ka gama naka daftarin. Idan ka fara da ita, jimlarta za ta zauna maka a ka, ka koma gyaran abin da ba kai ka fahimta ba.

Cike abin da Sinanci ya bari, rage abin da ya ƙara

Aikatau a Sinanci ba ya sauya siffa don nuna lokaci. Ana gane jiya da gobe ne daga kalmomin lokaci da ƙananan haruffa irin 了 da 过 da 着, kuma 了 ba kullum yake nufin abin ya wuce ba, wani lokaci sauyin hali yake nunawa: 下雨了 na nufin an fara ruwa yanzu. Suna ba ya nuna ɗaya ko jam'i. Sau da yawa ba a ambaton mai aikin. A baki, tā, wato shi ko ita, ɗaya ce ga namiji da mace. Turanci kuwa dole ne ka zaɓa masa duk waɗannan, har da "a" da "the". Jimlar 货到了 tana iya zama "the goods have arrived" ko "the item has arrived". Ka duba jimlolin da suka gabata, in ba su warware ba ka tambayi mai rubutun. Tambaya ba ta rage darajar tafinta.

A dangantaka abin juyewa yake yi, Sinanci ne ke faɗin abin da Turanci ba shi da wurin ajiyewa. 哥哥 wa ne, 弟弟 ƙane, Turanci ya ce "brother". 舅舅 kawu ne, ɗan'uwan uwa, 伯伯 wan uba, 叔叔 ƙanen uba, 姑姑 goggo, Turanci ya tattara su a "uncle" da "aunt". Mai Hausa yana da riba a nan, don kansa ya riga ya raba kawu da baffa. A hira ko labari, "uncle" ta wadatar. A takardar gado ko ta biza, rubuta "maternal uncle" ko "father's elder brother". Ka kuma lura cewa yaro yana kiran duk wani sa'an babansa 叔叔, don haka ba kowane shūshu ne ɗan'uwa ba.

Karin magana

Nan ne aikin yake. Akwai iri-iri, amma wanda za ka fi cin karo da shi shi ne 成语 chéngyǔ, mai haruffa huɗu galibi, wanda da yawa daga cikinsa ya fito daga tsofaffin littattafai na fiye da shekara dubu biyu. Alamarsa ita ce ka ga haruffa huɗu a jere da suka ƙi bin nahawun sauran jimlar, ko ka ga zomo da maciji sun faɗo cikin maganar farashin kaya. Da ka ga haka, nemi haruffan huɗu a dunƙule.

Kafin ka yanke shawara, amsa tambayoyi uku. Mene ne labarin da ke bayansa? A wane hali Sinawan yau suke faɗinsa? Yabo ne, ko suka, ko lallashi? A ganina ta ukun ta fi sauran nauyi. Mai karatu zai yafe maka idan hoton maciji ya ɓace a fassara, amma idan ka mayar da lallashi ya zama gori, ka ɓata tsakanin mutum biyu.

Dubi 亡羊补牢 wáng yáng bǔ láo, gyara shingen garke bayan tunkiya ta ɓace. Duk mai Turanci zai tuna da "shutting the stable door after the horse has bolted", hoton kusan ɗaya ne, har mutum ya ji daɗin ya dace. Amma na Turanci cewa yake yi aikin gama ya gama, gyaran banza ne. Na Sinanci kuwa, a cikakken zancensa, ci gaba yake yi da cewa ba a makara ba, sauran tumakin za su tsira. Wanda ya faɗa maka shi ƙarfafa maka gwiwa yake yi. Fassararsa ita ce "it is not too late to put things right", ko "better late than never". Haka 同舟共济, haye kogi cikin jirgi ɗaya: kira ne a haɗa ƙarfi, "pull together", alhali "in the same boat" na Turanci cewa kawai yake yi matsalarmu iri ɗaya ce.

Idan ka amsa tambayoyin, hanyoyi huɗu ne a gabanka.

Ta farko, ka samu takwaransa na Turanci da ya dace a ma'ana da kuma hukunci. Ana samu, ko da yake ba da yawa ba. 趁热打铁 daidai yake da "strike while the iron is hot". 一箭双雕, kibiya ɗaya gaggafa biyu, shi ne "kill two birds with one stone". 说曹操，曹操到, ana ambaton Cao Cao sai ga Cao Cao, yana ɗauke da sunan jarumin da ya rasu a shekara ta 220, wanda mai karatun Turanci bai san shi ba, don haka "speak of the devil" ta biya buƙata. 破釜沉舟, fasa tukwane da nutsar da jirage, ya samo asali ne daga shugaban yaƙi Xiang Yu, wanda ya sa sojojinsa suka yi haka bayan sun haye kogi zuwa yaƙin Julu a shekara ta 207 kafin haihuwar Annabi Isa, don kowa ya san babu komawa baya. "Burn one's boats" ta dace. Ka guji "burn bridges", domin a bakin mutanen yau ta fi karkata ga ɓata zumunci.

Ta biyu, ka bar hoton yadda yake idan zai iya tsayawa da ƙafarsa. 井底之蛙, kwaɗon da ke ƙasan rijiya yana zaton iyakar sama ke nan, ba ya buƙatar dogon bayani: "a frog at the bottom of a well" ta isa. Ta wannan hanya ce Turanci ya karɓi "paper tiger", wanda ya bazu bayan Mao Zedong ya yi amfani da 纸老虎 a hirarsa da 'yar jaridar Amurka Anna Louise Strong a 1946. "Lose face" da "brainwash" su ma daga Sinanci suka shiga.

Ta uku, ka bar hoton ka ɗan ƙara bayani a cikin jimlar. 画蛇添足, zana maciji a ƙara masa ƙafafu: a ƙasar Chu aka ba wasu barori tulun giya ɗaya da ba zai ishe su ba, suka ce kowa ya zana maciji a ƙasa, wanda ya riga gamawa ya sha. Na farkon da ya gama, ganin saura ba su ƙarasa ba, sai ya tsaya ƙara wa nasa ƙafafu, na biyu ya fizge tulun ya ce wannan ba maciji ba ne. A labari ko jawabi kana iya cewa "adding feet to a snake, and spoiling it by overdoing it". Haka 守株待兔, manomin ƙasar Song da ya ga zomo ya yi karo da kututture ya mutu, ya ajiye fartanya ya zauna jiran wani: "waiting by the stump for another hare instead of working".

Ta huɗu, ka jefar da hoton ka faɗi ma'ana. Wannan ce hanyar wasiƙar kasuwanci da rahoto da labaran jarida, kuma ita ce za ka fi bi. Akwai karin maganar da hotonsu ya riga ya mutu a kunnen Sinawa. 马马虎虎 doki-doki damisa-damisa ne a rubuce, amma ba wanda ke ganin dabba idan ya faɗa: "so-so" ne, ko "careless". 矛盾 mashi da garkuwa ne, daga labarin mai sayar da makamai da ya ce mashinsa na huda komai, garkuwarsa kuma ba abin da ke huda ta, amma yau "contradiction" ce kawai. Wanda ya farfaɗo da irin waɗannan hotuna a Turanci ya sa Basine ya yi kama da mai magana da almara, alhali maganar yau da kullum yake yi.

Akwai kuma batun yawa. Marubucin Sinanci yana iya jera chéngyǔ uku a sakin layi ɗaya a ce ya iya rubutu. Idan ka jera karin maganar Turanci uku a wuri ɗaya, mai karatu zai ga tsofaffin kalamai ne da aka gaji da ji. Zaɓi ɗaya da ya fi ƙarfi, sauran ka faɗe su a sarari.

Ka yi hattara da takwaran da ke jawo addini ko al'adar da babu ita a asali. 对牛弹琴, kaɗa wa saniya kayan kiɗa, ana yawan ba shi "casting pearls before swine", wanda daga Linjila ya fito, kuma ya mayar da mai sauraro alade, zagin da ya fi na asali zafi. "Talking to a brick wall" ko "wasting one's breath" sun fi kusa. Manyan mafassara ma sun rabu a kan irin wannan. A fassarar shahararren labarin nan na ƙarni na 18, Hong Lou Meng, inda aka ce shiri na mutum ne amma cikawa ta 天 ce, wato sama, Yang Xianyi da matarsa Gladys sun rubuta "Heaven", David Hawkes ya rubuta "God". Na farko ya riƙe tunanin Sinawa, na biyu ya sauƙaƙa wa Bature. Wanda za ka bi ya danganta da wanda kake yi wa fassarar.

Bayan chéngyǔ akwai gajerun maganganun baka, galibi masu haruffa uku ko biyu. 拍马屁, bubbuga ɗuwawun doki, fadanci ne, "to suck up to someone". 吃醋, shan ruwan khal, kishi ne irin na soyayya. 戴绿帽子, sa koriyar hula, ana faɗa wa mijin da matarsa ke cin amanarsa, shi ya sa ba a ba Basine kyautar koriyar hula. Waɗannan maganar titi ce, ka ba su Turancin titi. Sai 歇后语, mai gaɓa biyu, inda ake faɗin rabin farko a bar mai ji ya ƙarasa: gunkin yumɓu zai haye kogi, wato shi ma ta kansa yake yi. Idan rabin farko kawai aka rubuta, kai ne za ka nemo na biyun ka fassara shi. Waɗanda aka gina kan wasa da sauti kuwa ba sa hayewa, ma'anar kawai za ka ɗauka.

Kalmomin da Turanci ba shi da su

关系 guānxi, wato sanayya da alfarmar da ke tsakanin mutane, ta shiga ƙamusoshin Turanci yadda take. A rubutun masana ka bar ta "guanxi" ka yi bayani sau ɗaya, a hira ka ce "connections". 辛苦了 shi ne sannu da aiki, Turanci kuwa ba shi da wannan gaisuwa, sai dai "thank you for your hard work". 慢走, tafi a hankali, sallamar baƙo ce, "take care". 加油, ƙara mai, kirarin ƙarfafa gwiwa ne, kuma duk da cewa ƙamusun Oxford ya shigar da "add oil" a 2018 saboda Turancin Hong Kong, "come on" ko "keep going" ne kowa zai gane. Idan abokin ciniki ya ce 我们考虑考虑, za mu duba mu gani, fassara shi yadda yake, "we'll think it over", sannan ka gaya wa maigidanka a gefe cewa sau da yawa ƙi ne cikin ladabi. Kada ka sa wannan fahimta taka a cikin fassarar kanta.

Kalmomin gwamnati suna da fassarar hukuma, ita za ka nema a shafin Xinhua ko China Daily na Turanci. 一带一路 da aka ƙaddamar a 2013 an fara kiransa "One Belt, One Road", daga baya hukuma ta tsaya kan "Belt and Road Initiative". 小康 "moderately prosperous" ne. Amma ka san cewa fassara a nan tana ɗaukar ɓangare: 韬光养晦, manufar hulɗa da waje da ake dangantawa da tsohon jagoran Sin Deng Xiaoping, Turawan yamma sun fi fassara ta "hide your capabilities and bide your time", mai nuna ana ɓoye wata niyya, jami'an Sin kuma sun fi son "keep a low profile".

Sunaye da lambobi

Sunan dangi ne ke gaba: a Xi Jinping, Xi ne sunan dangi, don haka "Mr Xi". Suna ba a fassara ma'anarsa. Kada ka sabunta rubutun da duniya ta saba da shi, irin Sun Yat-sen da Chiang Kai-shek da Peking University, kuma mutanen Taiwan da Hong Kong ka tambaye su yadda suke rubuta nasu.

Sinanci yana ƙirga da dubu goma-goma. 万 10,000 ne, 亿 miliyan 100. Don haka 三万 30,000 ne, 五十万 500,000, 3.5亿 kuma miliyan 350. Rubuta sifirin a takarda ka ƙirga, kada ka yi a ka. 打八折 ba ragin kashi 80 ba ne, biyan kashi 80 ne, wato "20% off". 斤 giram 500 ne a babban yankin Sin, 600 a Taiwan. 亩 kashi ɗaya cikin 15 na hekta ne. Kwanan wata shekara ce farko, sai wata, sai rana, kuma takardun Taiwan kan ƙirga daga 1912, ta yadda shekara ta 113 ita ce 2024.

Ga misalin kuɗin da aka ambata. 定金 da 订金 duka dìngjīn ake karanta su, duka kuma ƙamus zai ce "deposit". A dokar farar hula ta Sin da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2021, 定金 jingina ce: idan mai saye ya saɓa, kuɗinsa ya tafi, idan mai sayarwa ya saɓa, zai mayar da ninki biyu, kuma ba ta wuce kashi 20 na darajar kwangila. 订金 kuwa kafin alƙalami ne kawai, wanda a bisa al'ada ake mayarwa idan ciniki ya rushe. Na farko ka rubuta "earnest money", na biyu "advance payment", ka kuma bar harafin Sinancin kusa da shi a cikin yarjejeniyar.

Gwaji, sannan bita

A ce mai kaya ya turo wannan ta manhajar saƙo ta WeChat: 老板说这次出了问题，亡羊补牢还来得及，下批货打八折，先付三万定金。

Yanka shi. 老板 maigida, 说 ya ce, 这次 wannan karo, 出了问题 an samu matsala. Haruffa huɗun da suka biyo karin magana ne na lallashi, kuma 还来得及, har yanzu da sauran lokaci, ya tabbatar da haka. Saƙon ciniki ne, don haka tunkiya ba ta da wuri a Turancin. 下批货 kaya na gaba, 打八折 ragin kashi 20, 先付 a fara biyan, 三万 30,000, 定金 mai harafin jingina. Ba a faɗi wanda ya jawo matsalar ba, kai ma kada ka ɗora wa kowa. Sai ka rubuta: "The boss says there was a problem this time, but it is not too late to put it right. The next batch will be 20% off, with 30,000 paid first as earnest money."

Ajiye Sinancin gefe ka karanta Turancin da ƙarfi, ka ji ko mai Turanci zai faɗi haka. Sannan ka dawo ka bi asalin layi-layi, kana duba lambobi da sunaye da kalmomin korewa irin 不 da 没 da 未, waɗanda ido ke tsallakewa. Yanzu ne za ka iya kwatanta naka da na na'ura, inda kuka saɓa ka binciki dalili. A wannan saƙo bita za ta nuna maka abu biyu da za ka mayar wa mai kaya kafin kowa ya tura kuɗi. Bai faɗi ko 30,000 ɗin yuan ne ko dalar Amurka ba. Kuma idan jingina ce da gaske, sai darajar kayan ta kai 150,000 kafin doka ta ɗauki kuɗin duka a matsayin 定金.